Naira 50 Ta Zauna, Kashi 0.5 Ya Faɗi: Siyasar Harajin Tura Kuɗi a Najeriya Daga Kasuwannin Hatsi na Kafur

Tsakure

Wannan maƙala ta kwatanta haraji biyu da gwamnatin tarayya ta ɗora wa tura kuɗi ta banki da ta waya. Na farko shi ne naira 50 da ake cira a duk tiransfa ta naira 10,000 zuwa sama, wadda ta zauna daram tun 2020. Na biyu shi ne harajin tsaron intanet na kashi 0.5 cikin ɗari, wanda aka janye a Mayun 2024 tun ba a fara karɓarsa ba. An dubi su biyun daga yadda kuɗi ke zagayawa a cinikin hatsi na Kafur, Malumfashi da Funtua. Hujjar maƙalar ita ce, irin wannan haraji yana rayuwa ko mutuwa gwargwadon ƙarfin muryar wanda ya ji zafinsa, da yawan masu rabon abin da aka tara. Daga nan ta auna makomarsa kafin zaɓen 2027, ta kuma kawo gyaran da manoma za su iya nema su samu.

Gabatarwa



Ranar 6 ga Mayun 2024 Babban Bankin Najeriya ya aika wa bankuna takarda cewa nan da mako biyu su fara cire kashi 0.5 cikin ɗari daga kuɗin da jama'a ke turawa, a zuba a asusun tsaron intanet da ke hannun ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. Nan da nan ƙasa ta ɗauki zafi. Ƙungiyoyin ƙwadago na NLC da TUC suka ce ba su yarda ba, manyan 'yan kasuwa da masu masana'antu suka yi ca, Majalisar Wakilai ta nemi a janye takardar. Shugaba Bola Tinubu ya ba da umarnin dakatarwa, Babban Bankin ya janye takardarsa ranar 17 ga watan. Ko kwabo ba a kai ga cira ba.

Kashi 0.5 cikin ɗari shi ne naira 5 a kowace dubu. Wanda ya tura naira 10,000 zai biya naira 50 ke nan. Wannan kuwa shi ne daidai abin da ake cira tun 2020 a tiransfa ta naira 10,000, ba wanda ya fita zanga-zanga, ba majalisar da ta yi zaman gaggawa. Nauyin da ƙasa ta taru ta ce ba za ta iya ɗauka ba, mai ƙaramin ciniki ya yi shekaru yana ɗauke da shi. Me ya sa ɗaya ya faɗi cikin kwanaki, ɗaya ya yi saiwa? Tambayar da na zo da ita ke nan.

Na zaɓi Kafur ne saboda dalilai biyu. Ƙaramar hukuma ce ta manoma a kudancin Jihar Katsina, tana maƙwabtaka da Malumfashi, Bakori da Danja, kuma masara, dawa, waken suya da audugar da ake nomawa a Gozaki, Mahuta, Masari da sauran garuruwanta suna tafiya har kasuwar Dawanau ta Kano da kamfanonin Kudu. Duk dokar da ta taɓa tura kuɗi tana taɓa su kai tsaye. Na biyu, yankin ba baƙo ba ne a siyasar ƙasa. Aminu Bello Masari, ɗan Kafur, ya wakilci mazaɓar Malumfashi da Kafur, ya zama kakakin Majalisar Wakilai daga 2003 zuwa 2007, ya yi gwamnan Katsina daga 2015 zuwa 2023. Ba za a ce mutanen nan ba su san hanyar Abuja ba.

Asalin Tunanin da Yadda Ya Sauya Hanya

Waɗanda suka fara kawo shawarar harajin hada-hadar kuɗi ba talaka suka nufa ba. A 1936 masanin tattalin arziki na Ingila John Maynard Keynes ya ba da shawarar a ɗora haraji kan cinikin hannayen jari a Amurka, don a rage masu saye da safe su sayar da yamma. A 1972 James Tobin, Ba'amurken da daga baya ya samu kyautar Nobel, ya ce a sa ɗan ƙaramin haraji kan canjin kuɗaɗen ƙasashe, saboda jari mai yawo ya rage gudu. Manufarsu ɗaya ce: a taka wa 'yan caca da dukiya birki, a bar mai ciniki na gaskiya ya sarara.

A ƙasashen da aka haifi tunanin, ya sha wuya. Suwidin ta gwada a 1984, ta ninka shi a 1986, sai dillalan hannayen jari suka kwashe kusan rabin cinikinsu suka koma Landan, a 1991 aka soke shi. Bayan durƙushewar bankunan duniya a 2008, Hukumar Tarayyar Turai ta kawo shawara a 2011: kashi 0.1 kan hannayen jari da takardun bashi. Ingila ta ƙi. Ƙasashe 11 suka ce a 2013 za su yi gaba su kaɗai, aka yi ta taro shekara da shekaru, abin bai tabbata ba. Faransa a 2012 da Italiya a 2013 kowace ta yi nata ɗan ƙarami. Wanda ya daɗe shi ne harajin kan sarki na Ingila, kashi 0.5 kan sayen hannun jari, domin an ɗaure shi da rajistar mallaka: in ba ka biya ba, sunanka bai hau takarda ba, ko a wace ƙasa ka yi cinikin.

Da tunanin ya ƙetaro zuwa ƙasashe masu tasowa sai ya juya baya. Gwamnatoci suka ga kasuwar hannayen jarinsu ƙarama ce, amma miliyoyin mutane suna tura kuɗi kullum, kuma banki ko kamfanin waya zai tara musu harajin ba tare da an aika ma'aikaci ko ɗaya ba. Birazil ta karɓi irinsa daga 1997 da sunan kiwon lafiya, ya kai kashi 0.38, Majalisar Dattawa ta kashe shi a Disambar 2007 duk da farin jinin Shugaba Lula. Yuganda ta sa kashi 1 kan kuɗin waya a Yulin 2018, cikin watanni ta rage zuwa rabi ta taƙaita shi ga cire kuɗi. Na Gana ya fi kusa da mu, don 'yan uwanmu na zangon Kumasi da Nima a Akra sun biya shi. Sai da 'yan majalisa suka ba hammata iska a Disambar 2021 a kansa. Aka fara karɓar kashi 1.5 a Mayun 2022, kuɗin da aka tara bai kama ƙafar abin da aka yi hasashe ba, aka rage zuwa kashi 1 a 2023. A zaɓen 2024 manyan 'yan takara biyu, John Mahama da Mahamudu Bawumia, kowa ya yi alkawarin soke shi, Mahama ya ci zaɓen, ya cika a Afrilun 2025.

Abin lura a nan: duk waɗannan da aka kayar ko aka rage, haraji ne na kaso, wanda ke girma tare da girman kuɗin da aka tura.

Yadda Naira 50 Ta Samu Gindin Zama

A Janairun 2016 Babban Banki ya umarci bankuna su riƙa cire naira 50 a matsayin kuɗin kan sarki daga duk ajiya ta naira 1,000 zuwa sama, yana dogaro da tsohuwar dokar 1939. A Afrilun shekarar Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce dokar ba ta ɗora wa bankuna wannan aiki ba. Gwamnatin Muhammadu Buhari ta toshe ɓarakar da Dokar Kuɗi ta 2019, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2020: naira 50 a kan naira 10,000 zuwa sama. Dokar Kuɗi ta 2020 ta ba shi suna na kansa, harajin tura kuɗi ta na'ura, ta kuma yi abin da a ganina shi ne ya ba shi tsawon rai. Ta ce gwamnatin tarayya ta ɗauki kashi 15, jihohi su raba kashi 85. Dokar 2023 ta sake yanka: 15 na tarayya, 50 na jihohi, 35 na ƙananan hukumomi. Daga ranar, gwamnoni 36 da shugabannin ƙananan hukumomi 774 kowa ya samu abin jira duk wata daga wannan naira 50.

A kwatanta da harajin tsaron intanet. Kuɗinsa ofis ɗaya zai tafi a Abuja. Ba gwamnan da zai ga sisi, don haka ba gwamnan da ya tsaya masa. Kuma zafinsa a kan manya zai sauka: mai tura naira miliyan 100 zai biya naira 500,000, alhali a ƙarƙashin ɗayan harajin naira 50 kacal yake biya, daidai da mai tura wa mahaifiyarsa kuɗin magani.

Daga 1 ga Disambar 2024 aka faɗaɗa tarun. OPay, Moniepoint, PalmPay da ire-irensu suka fara cira. Wannan ya fi komai taɓa karkara, domin su ne bankin ƙauye a yau. Sai kuma sababbin dokokin haraji da aka sa wa hannu ranar 26 ga Yunin 2025, suka fara aiki 1 ga Janairun 2026. Suka mayar da shi ƙarƙashin kuɗin kan sarki, suka ɗauke shi daga mai karɓa suka ɗora wa mai turawa. Naira 50 ba ta motsa ba, naira 10,000 ma ba ta motsa ba.

A Kasuwar Hatsi

Duk wanda ya taɓa tsayawa a kasuwar Dandume, Bakori ko Malumfashi da kaka ya san yadda abin ke gudana. Mai saye ya taso daga Dawanau ko daga wani kamfanin abincin kaji, ya sauka wajen dillalinsa. Manoma sun shigo da kaya, wani buhu biyu a bayan babur, wani goma a amalanken shanu, wata dattijuwa ta aiko jikanta da tiya ashirin ta waken suya. Dillali ya soki buhu, ya murza ƙwayar a tafin hannu ya ga bushewarta, a yi ciniki a sallama. 'Yan dako suna jira, mai ɗinkin buhu yana jira, direba yana jiran kuɗin mota, ga la'ada, ga rasit na ƙaramar hukuma. Sai a zo biya. Manomi ya riƙe ƙaramar wayarsa yana duba ta: "Alhaji, alat bai shigo ba." Dillali ya ce, "Malam, ƙara haƙuri, sabis ne." Ba ya barin wurin sai ya ga saƙo, ko da rana za ta faɗi a kansa.

Mu yi lissafi da misali. Mai saye ya turo wa dillali naira miliyan 10 a tiransfa ɗaya. Harajin gwamnati naira 50. Dillali ya raba kuɗin ga manoma 40, harajin ya zama naira 2,000. Kowane manomi kuma zai warwatsa nasa: ya biya bashin taki, ya tura wa ɗansa da ke karatu a Zariya, ya ba da gudummawar biki, ya biya mai maganin feshi. Duk wadda ta kai naira 10,000, a cire 50. Kuɗin nan sau ɗaya ya biya haraji yana dunƙule a hannun mai ƙarfi, ya biya sau ɗari bayan ya tarwatse a hannun masu rauni. Mai tura miliyan ɗaya kwabo 5 yake biya a kowace dubu. Mai tura dubu goma naira 5 yake biya a kowace dubu, ninki ɗari ke nan.

Ba a nan ya tsaya ba. Binciken cibiyar EFInA na 2023 ya nuna kashi 26 cikin ɗari na baligan Najeriya ba sa hulɗa da kowace irin cibiyar kuɗi, a Arewa maso Yamma kuwa kashi 47 ne. Manomin da ba shi da asusu, lambar mai POS yake bayarwa a turo, sannan ya tsaya a bakin rumfa a ƙirgo masa. Mai POS zai cire ladansa, ya kuma cire abin da aka cira masa. Da aka faɗaɗa harajin a Disambar 2024 masu wannan sana'a a wurare da dama sun ƙara farashi, kuma ƙarin ba ya tsayawa a 50, cikewa ake yi zuwa 100. Ban ga laifinsu sosai ba, su ma sayen tsabar kuɗi suke yi daga masu gidajen mai da 'yan kasuwa. Amma sakamakon shi ne wanda ya fi kowa nisa da banki shi ya fi kowa biya.

Za a iya cewa sauyin 2026 ya sauƙaƙa wa manomi, tunda yanzu mai turawa ke biya. A takarda haka ne. A kasuwa kuwa wanda ya fi matsuwa shi ke ɗaukar kowane ƙari. Manomin da ya kawo masara a watan Nuwamba, mai taki yana bin sa, makaranta tana jira, ba shi da rumbun da zai ajiye har bazara. Dillali zai sa naira 50 a lissafinsa kamar yadda yake sa kuɗin dako, ta fita daga farashin buhu.

A nan dole in yi wa ɗayan ɓangaren adalci. Da harajin kashi 0.5 ya tabbata, da yankinmu ya ji jiki fiye da haka. Hatsi yana sauya hannu sau uku ko huɗu tsakanin gona da masana'anta. Kayan naira miliyan 10 zai biya naira 50,000 a kowane hannu, 200,000 a hannu huɗu, a sana'ar da ribarta ɗan abin da ke saman buhu ne. Janye shi daidai ne, kuma manoman Kafur sun amfana. Sai dai ba don su aka janye ba. Muradinsu ne ya yi dace da na masu ƙarfi a wannan karon.

Akwai kuma batun rai. A ƙarshen Agustan 2021 gwamnatin Masari ta rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwannin ƙananan hukumomi da dama, ciki har da Malumfashi da Kafur. A Satumba aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da Funtua da Malumfashi. Mutanen da suka rayu cikin wannan sun san abin da ake nufi da ɗaure miliyoyi a buhu a hau hanya da magariba. A wurinsu tiransfa kariya ce. Sannan ga abin da ya faru a farkon 2023, lokacin da sauya fasalin naira na gwamnan Babban Banki na lokacin, Godwin Emefiele, ya janye tsabar kuɗi daga hannun jama'a, manoma suka riƙa karyar da kaya ga duk wanda ke da takardar kuɗi a hannu, har jihohi, da Katsina a cikinsu, suka kai gwamnatin tarayya Kotun Ƙoli, ta yanke hukunci ranar 3 ga Maris. Gwamnati ce ta tura mutane cikin banki da ƙarfi, sannan ta tsaya a bakin ƙofa tana karɓar kuɗin shiga. Duk ƙarin da aka yi wa tiransfa, turawa ce zuwa ga tsabar kuɗi, a yankin da tsabar kuɗi ke jawo wa mai ita ɗan bindiga.

Haraji Mai Fuska da Marar Fuska

Ƙasar Katsina tana da dogon tarihi da haraji. Tun kafin Turawa, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a Kitabul Farƙi ya lissafa jangali da kuɗin gari cikin abubuwan da ya zargi sarakunan Hausa da ɗora wa talakawa ba bisa shari'a ba. Turawa suka zo suka tsara shi, a Katsina ma aka fara kafa baitulmalin En'e zamanin Sarki Muhammadu Dikko. Ana karɓa da kaka, kuma da tsabar kuɗi, abin da ya tilasta wa manoman kudancin Katsina noman auduga don su kai wa injinan gurza na Funtua da Malumfashi. Dattawa ba su manta da mai unguwa da dagaci suna bi gida-gida ba, da wanda aka shanya a rana, da wanda ya gudu ci-rani don ya kasa biya.

Wancan haraji yana da fuska, shi ya sa ya haifi siyasa. Jam'iyyar NEPU da aka kafa a 1950 ta gina kanta a kan wannan ƙorafi, kuma da jam'iyyar PRP ta ci zaɓe a 1979, Balarabe Musa a tsohuwar Jihar Kaduna, wadda Katsina ke cikinta har 1987, da Abubakar Rimi a Kano, soke haraji da jangali ne farkon abin da suka yi. Talaka ya san wanda ya karɓa, ya san ranar, yana da rasit a aljihu.

Naira 50 ba ta da fuska. Tana zuwa a saƙon waya da Turanci, a cakuɗe da kuɗin tiransfa na banki, da harajin VAT na kashi 7.5 a kan wannan kuɗin, da kuɗin alat, da na bugun lambobi. In ka tambayi mutum a kasuwa, banki zai ce ya ci masa kuɗi, ko mai POS. Ba ya kawo gwamna a ransa, balle shugaban ƙaramar hukumarsa da dokar 2023 ta ba kaso a ciki. Fushin yana sauka a kan yaron da ke zaune da na'ura a ƙarƙashin lema. Ɗan siyasa ba zai samu haraji mai daɗin karɓa kamar wannan ba.

Makomarsa a Siyasa

Ina ganin hanyoyi uku, kuma ba ƙarfinsu ɗaya ba.

Dawowar harajin kaso kafin zaɓen 2027 abu ne mai wuya. Abin da aka yi a Mayun 2024 dakatarwa ce, don haka ƙofar ba a kulle take ba. Amma gwamnatin da ta janye tallafin fetur a Mayun 2023, ta ga zanga-zangar Agustan 2024 da ta kai ga dokar hana fita a Kano da Katsina, ta kuma ga yadda matasan Kenya suka kutsa majalisa a Yunin 2024 har Shugaba William Ruto ya janye dokar kuɗinsa, ba za ta so ta sake tsokano ƙungiyoyin ƙwadago da manyan 'yan kasuwa a lokaci guda ba.

Soke naira 50 baki ɗaya, kamar yadda Gana ta yi, shi ma ban hango shi ba. A Gana harajin na kaso ne, ma'aikaci da ɗan boko sun ji zafinsa, ya zama maganar zaɓe. A nan masu murya ba sa jin sa, masu mulki suna cin moriyarsa, kuɗin kuma ƙaruwa yake yi da kansa. Alƙaluman NIBSS, cibiyar da ke sada tiransfa tsakanin bankuna, sun nuna kuɗin da aka tura ta na'ura ya tashi daga kimanin naira tiriliyan 600 a 2023 ya haura tiriliyan 1,000 a 2024. Gwamnati tana da hujjarta: harajin da Najeriya ke tarawa bai wuce kimanin kashi 11 cikin ɗari na arzikin da take samarwa a shekara ba a lissafin 2021, jihohi irin Katsina sun dogara da rabon Abuja, kuma wannan haraji ba a iya ɓoye masa. Hujja ce mai nauyi, ban raina ta ba.

Abin da na fi tsoro shi ne ta uku: a wayi gari an mayar da 50 ta zama 100 a cikin wani jadawali na dokar kuɗi, a bar naira 10,000 inda take. Za a ce hauhawar farashi ta cinye darajar naira 50, kuma gaskiya ne. Sai dai ta cinye darajar naira 10,000 ma. A 2020 mafi ƙarancin albashi naira 30,000 ne, tun Yulin 2024 ya koma 70,000. Hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 a Disambar 2024. Cinikin da jiya ke ƙasa da iyaka, 'yan tiyoyin shinkafa ko kuɗin makarantar yaro, yau ya haye. Tarun yana ƙara kama ƙananan kifi ba tare da an taɓa doka ba.

Shin shugabannin Arewa za su iya hana wannan? Sun nuna suna iyawa in sun so. Da kotu a Fatakwal ta ba Jihar Ribas gaskiya kan VAT a Agustan 2021, Masari yana cikin waɗanda suka fito fili suka ƙalubalanci jihohin da ke son riƙe nasu. Da aka kai ƙudurorin haraji huɗu majalisa a Oktoban 2024, gwamnonin Arewa 19 da sarakuna suka taru a Kaduna ranar 28 ga watan suka yi watsi da tsarin rabon da aka kawo. Aka ja har aka sauya tsarin, VAT ma aka bar shi a kashi 7.5. Nasara ce ta gaske. Amma abin da ya tayar da su tun farko rabo ne, wato nawa zai shigo asusun jiha. A kan naira 50, gwamna yana layin masu karɓa, manominsa yana layin masu biya, don haka ba daga gidan gwamnati wannan magana za ta taso ba.

Abin da Za a Iya Nema

Neman a soke harajin ɓata ƙarfi ne. Abin da za a iya samu shi ne a gyara siffarsa, ta yadda jihohi ba za su yi asara ba, su rasa dalilin ƙi.

Farko, a ɗaga iyakar daga naira 10,000 zuwa 50,000 ko 100,000, a kuma rubuta a doka cewa za a riƙa duba ta bayan 'yan shekaru. Wannan ba baƙon tunani ba ne ga manomin Kafur. Ya san zakkar hatsi tana da nisabi, wanda bai kai ba ba a karɓa daga gare shi, kuma mai noman rani da ya sha wahalar ban ruwa rabin na mai noman damina yake fitarwa. Malamai za su iya bayyana wannan a kan mumbari cikin minti biyar.

Giɓin kuma a cike shi daga sama, da matakai masu rufi. Misali naira 50 har zuwa miliyan ɗaya, 200 har zuwa miliyan goma, 500 ga abin da ya haura, a tsaya nan. Naira 500 a kan kayan miliyan 20 ba za ta hana mota tashi daga Funtua ba, ba kuma za ta taru ta yi nauyi irin na harajin kaso ba. In kuma ana son abin da Tobin ya nufa tun asali, an riga an ga hanyarsa a Yulin 2024, lokacin da Majalisar Dattawa ta amince da harajin kashi 70 kan ƙazamar ribar da bankuna suka ci daga faɗuwar darajar naira.

Sannan a ba harajin fuska. Sanarwar rabon arzikin ƙasa ta wata-wata ta saba ware kuɗin wannan haraji daban, kuma tun 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Ba abin da zai hana a manna a allon sakatariyar Kafur, da Hausa, nawa ya shigo a wata da abin da aka yi da shi, ko rumfar kasuwa ce, ko kwalbatin hanyar da amalanke ke bi. Bankuna ma a wajabta musu su rubuta a saƙon waya cewa wannan na gwamnati ne, wannan nasu ne.

Gyaran iyakar bai buƙaci taɓa tsarin mulki ba. Adadi ɗaya ne a dokar haraji, kuma ɗan majalisa ɗaya zai iya gabatar da ƙudurinsa. Ƙungiyar manoma ta AFAN, ƙungiyoyin dillalan hatsi daga Dandume zuwa Dawanau, da ƙungiyar masu POS, dukansu suna da mambobi a mazaɓar Malumfashi da Kafur, kuma dukansu abin ya shafe su. Lokacin da ya dace su kai buƙatar a rubuce shi ne yanzu, da masu neman kujerar wakilci da ta sanatan shiyyar Funtua ke zagayen neman goyon baya, a nemi kowannensu ya faɗi matsayinsa kan naira 10,000 a gaban jama'a.